Laƙabin Turanci a Gidanmu na Zahir

A shekarar da na kammala jami'a ne yayata ta haifi 'yarta ta fari, kuma tun kafin ranar suna aka yanke cewa sunan kakarmu za a sa mata. Kaka tana nan da ranta, tare muke zaune a gidanmu na unguwar Zahir, a nan ƙasa mai tsarki. A wurinmu, idan yaro ya ci sunan babba, ba mai sake furta sunan a gidan saboda kunya, sai a nemo laƙabi. Damuwar ita ce jikokin da suka riga suka ci sunan Kaka sun cinye laƙuban da muka sani. Akwai Ummi, akwai Mami, akwai wata Ummin da ake bambantawa da cewa ta unguwar Aziziyya.

Yaya ta ce ita ta zaɓa: Patience. Sunan ma'aikaciyar jinyar da ta tsaya a kanta a asibiti ne, wata 'yar Gana da ta musulunta ba ta sauya suna ba. Naƙudar ta zo da gardama, matar kuwa ba ta saki hannun Yaya ba har aka ji kukan jaririya. Sunan yanka ba zai taɓa shiga bakin Yaya ba, saboda haka laƙabin ne kaɗai abin da za ta kira 'yarta da shi, kuma wannan take so.

Kaka ba ta ƙi ba, ba ta kuma amince ba. Ta dube ni.

"Kai maigida, ba Turanci aka ce ka karanta ba? Je ka binciko mini. Kada a sa wa takwarata sunan gunki ina zaune."

Na ɗauki aikin da muhimmanci, domin ban son in faɗi abin da ban tabbatar ba. Ana gobe suna, bayan la'asar, aka zauna shan shayi, na gabatar da abin da na samu. Na ce kalmar Turanci ce, amma Turawan Ingila aro suka yi daga Faransanci, Faransawa kuma gado suka yi daga Latin, inda take nufin jure wahala.

"Haƙuri ke nan," in ji Kaka.

"Kusan haka."

"Kusan? Haƙurin nasu bai cika ba ne?"

Na ce ya cika, sai dai ban da ikon rantsewa cewa kalmomin biyu sun yi daidai ta kowace fuska. Yaya ta harare ni daga kan katifa.

"Ya ahi, ɗan'uwana, ka ce haƙuri mana, halas, a wuce wurin!"

Na ci gaba da cewa ƙarnuka da suka wuce wasu Kiristocin Ingila masu tsananin riƙo da addini sun yawaita sa wa 'ya'yansu sunayen kyawawan halaye, wannan na ciki. Kaka ta tambaya ko suna yanka rago. Na ce ban ga inda aka ambaci rago ba, amma rashin ganina ba hujja ba ne. Game da farin jinin sunan, na ce alamu sun nuna yau an fi jin sa a ƙasashe irin su Gana da Najeriya fiye da Ingila, ko da yake ban sami ƙidayar da zan dogara da ita ba.

"To ashe ma ya dawo gida," in ji Kaka. "Ba gunki, ba zagi. Na yarda."

Yaya ta fara murmushi. Kaka ta kurɓi shayi, ta ajiye kofi.

"Ita mai sunan, yarinya ce?"

Na taɓa ganin matar lokacin da na kai abinci asibiti. Na ce ban ga takardar haihuwarta ba, amma bisa furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwalinta, zai yi wuya a ce ba ta girmi mahaifiyarmu ba.

"Ta girmi uwarki, ta kuma riƙe ki a kan gwiwa?" Kaka ta juya ga Yaya. "Ai wannan uwa ce. Ke yanzu sai ki buɗe baki ki kira sunan uwarki gatsau a tsakar gida? Patience zo nan, Patience sauke wannan? A'a. Sunan ya zauna, mun karɓa hannu bibbiyu. Sai a nemo wanda za a riƙa kira."

"Kaka, laƙabin ne za a yi wa laƙabi?"

"Ni na ce ki ɗauko na dattijuwa?"

Washegari aka yanka rago, aka raɗa wa yarinya sunan Kaka, aka sanar wa mata laƙabinta sau ɗaya cikin girmamawa, daga nan ba a sake jin ko ɗaya ba. A gida kowa "yarinyar nan" yake cewa.

Yaya ba ta yi musu ba. Amma ranar da na raka su rigakafi, muna fita ƙofar gida ta gyara goyon, ta kira sunan a hankali, ta sake kira da ƙarfi, har mai sayar da burodi ya ɗago kai. Haka take yi har yau. Yarinyar ta fara tafiya yanzu. A titi, da an ce Patience sai ta waiwayo. A cikin gida kuwa, ko uwarta ta yi kuskure ta kira, ba ta amsawa.