Akuyar Bushira

Duk wanda ya taɓa sayen soyayyen kifi a bakin tafkin Madarumfa ya san Bushira, ko da ta dariyarta. Maƙwabciyata ce, kuma Kirista. Tana budurwa ta bi addinin. Ranar da ta faɗa a gida, yayanta Ashiru ya watso mata kaya waje, ya rantse ba shi ba ita. Tun daga lokacin ko gaisuwarta bai ƙara amsawa ba, har furfura ta fito musu su biyun.

Ba ta da hira sai ta shahidan farko na addininsu, waɗanda take jin labarinsu a majami'a. Tana juya kifi tana ba mu labarin yadda aka jefa wa zakuna su don sun ƙi barin imaninsu.

"Su dai sun huta," in ji ta. "Zaki wuni guda ya gama da mutum. Ni nawa zakin kullum shina bisa tabarma ƙofar gida, ya ƙi cina, ya ƙi kallona."

Mu yi ta dariya, amma ni na san abin na cin ranta.

Kowace sallar Nowel, wato Kirsimeti, takan kira Malam Idi ya yanka mata akuya, don mu Musulmin unguwa mu iya cin naman. Bara Malam Idi ya rasu. Mai yanka bai yi wuya a garin nan ba, na ce in turo mata maigidana. Ta ce a'a. Ta ɗaura wa akuya igiya, ta ja ta tsakiyar gari, ni kuma na bi ta a baya.

Ashiru na zaune ƙofar gida yana gyaran tarun kamun kifi. Ta durƙusa.

"Yaya, mai yanka mini ya rasu. In na yanka da kaina, ba mai ci."

Bai ɗago ba. Akuyar kuwa, marar kunya, ta kama bakin tabarmarsa da ci. Ya daɗe yana kallon akuyar, sannan ya miƙa hannu ya taɓa haƙarƙarinta.

"Wannan za ki ba mutane? Ke tun kina yarinya ba ki iya kiwo ba."

Bushira ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Shi kuwa ya juya wajen zaure, ya ce a miƙo masa wuƙa da ruwa.