Malama Mas'uda da Faifanta Uku

"Baban Firdausi, guda cikin faifan nan biyu shina shirin mutuwa. Ba ya kai Juma'a."

Da wannan magana Malama Mas'uda Kassimu ta tare ni ranar Litinin da ta wuce, ko gaisuwa ba mu gama ba. Ta nuna mini wata 'yar fitila a jikin babbar kwamfutar shagonsu, wadda na saba gani kore shar, yau ga ta ruwan goro tana ƙyaftawa. Gabana ya faɗi, don sunan ɗiyata yana cikin faifan nan. Ita kuwa murmushi ta yi, ta ci gaba da shan kununta.

Shekara tara ke nan tana aiki a shagon magani da gwajin jini na Alhaji Attahiru a nan Sabon Birni, wanda ke da reshe a Isa. Ba ta ba da magani, ba ta ɗibar jini. Ita ke kula da babbar kwamfutar da suke kira saba, inda ake ajiye bayanin duk wanda ya taɓa zuwa: rukunin jininsa, sakamakon gwajinsa, maganin da yake karɓa da wanda jikinsa ya ƙi. Ƙarfe bakwai take isowa. Kafin ta ajiye jaka sai ta wuce ɗan ɗakin ƙasa da ke bayan shagon, ta ɗora tafin hannu a kan na'urar kamar mai jin zazzaɓin jariri, ta saurari ƙarar fankarta, ta duba batiran sola, ta share kafar iska da tsohon buroshi. Sai ta gama wannan take fitowa ta gaida mutane.

Ni ɗan kabu-kabu ne, karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba. Abin da ya haɗa ni da ita, ni ke kai mata saƙo Isa duk Asabar.

Is'haƙa mai gwajin jini yana nan ranar da aka zaɓi na'urar, kuma har yau in ya ba da labarin sai ya riƙe ciki. Wani mai sayar da kwamfutoci, Malam Marwan, ya zo daga Sakkwato da hoton wata ƙatuwar na'ura mai tsayin firij, fitilu reras kamar gidan biki. Alhaji yana gani ya ce ita yake so. Malama ta fiddo wani littafin rubutu na 'yan makaranta. Ashe mako biyu ta yi tana rubuta mutum nawa ake gwadawa a yini, ma'aikata nawa ke taɓa kwamfuta lokaci guda, da awa nawa ake kawo wuta.

Ta ce, "Malam Marwan, wagga na'ura in ba sanyin esi, kwana nawa take yi?"

Ya ce ai dole a saka mata esi dare da rana.

"Da wace wutar? In kuma ta lalace, wa za shi gyara ta?"

Ya ce akwai injiniyansu a Legas. Is'haƙa ya ce a nan Alhaji ya cire hula ya sosa kai.

Sai Malam Marwan ya sauya hanya, ya ce to a bar na'ura gaba ɗaya, a zuba kome a intanet, haka manyan kamfanoni ke yi yanzu.

Ta ce, "Su suna zuwa gindin tsamiyar tasha neman sabis kamar mu?"

Abin da ta zaɓa ƙaramar na'ura ce, ba ta kai jarkar mai girma ba, cin wutarta bai fi na fanka guda ba, sola na riƙe ta. Ta dage a kan abu uku. Ƙwaƙwalwarta ta ishi mutum huɗu su yi aiki tare ba wanda ke jiran wani. Faifan ajiya su zama biyu a ciki, irin waɗanda ba sa juyawa, duk abin da aka rubuta a wannan ya shiga wancan nan take. Sannan a sayi na uku, wanda za a riƙa kwafe kome a kai ana kaiwa Isa a juye a kwamfutar can. Wannan na ukun ne Alhaji ya ce ɓarna ce.

Ta ce, "Alhaji, irin geronka duka rumbu guda kake zuba shi?"

"Wane ni! Ina kai wani Gangara wajen ƙanena, saboda gobara."

"To faifai na uku shi ne Gangara."

Alhaji ya yi dariya ya ce a sayo.

Ba a yi wata guda ba Hajiya Kubura, uwargidan Alhaji, ta leƙo ta ga na'urar a zaune haka nan ba rufi. Abin ya dame ta. A garin nan ko rediyo ba a bari tsirara, balle abu mai daraja. Ta sa aka ɗinka mata riga ta leshi mai kauri har da baki, ta zo ta lulluɓe ta da kanta ranar da Malama ta je suna. Kafin azahar na'urar ta fara kuka kamar akuyar da aka ɗaure a rana. Aka tura ni na ɗauko Malama daga gidan suna. Ta yaye leshin, ta kunna mata fanka, sannan ta durƙusa ta gaida Hajiya.

"Hajiya, Allah shi saka da alheri. Amma wagga ba amarya ba ce, numfashi take so."

Yau leshin nan yana kan fulas ɗin shayin Alhaji, kuma ya yi masa kyau.

Ni ma na taɓa raina aikin. Duk Asabar in sa faifai na ukun nan, ɗan abu kamar sabulun wanka, a aljihun ciki, in bi hanyar da kowa ya san halinta, don kawai a juye shi a dawo da shi. Na tambaye ta ko ba za a tsallake mako guda ba. Ta ce, "Baban Firdausi, ranar da za a neme shi ba ta aiko goron gayya."

Ranar ta zo a shekarar da aka katse layukan waya a yankinmu. Ɗiyata Nana Firdausi tana da sikila. Muna Isa wajen kakarta ciwon ya tashi da rana tsaka, muka kai ta asibiti tana murƙususu. Likita ya tambayi rukunin jininta, da ko akwai allurar da ba ta karɓe ta. Akwai. Wata ta taɓa kumbura mata fuska har numfashi ya so ya gagara. Amma sunan allurar ya ɓace mini ɓat, katin Firdausi kuwa yana gidanmu na Gatawa da muka bari a guje. Ba waya, ba intanet. Na ruga reshen shagon, ma'aikaciyar ta buga sunan yarinyar, takarda ta fito. Likita ya karanta, ya mayar da wata kwalba cikin tire, ya ɗauko wata. Faifan da ya kawo bayanin nan, ni na kai shi da hannuna kwana uku kafin ranar, ina gunaguni.

Firdausi yanzu tana aji biyar na sakandare, ta fi ni tsawo, ta fi ni baki.

Malama Mas'uda, ke ce kika ƙi abin burgewa kika zaɓi abin da zai rayu a garinmu. Ke ce kika auna wutarmu da zafinmu da hanyarmu kafin ki auna na'ura. Ɗiyar Kassimu, mai jin numfashin ƙarfe! Mutanen da sunayensu ke cikin ɗakin ƙasan nan sun kai dubbai, kuma ba na jin goma cikinsu sun san fuskarki. Ni na sani. Na gode, uwar Firdausi ta gode, Allah Ya jiƙan mahaifa, Ya raya naki.

Faifan da ta ce zai mutu kuwa, ranar Laraba ya mutu. Ta buɗe durowa ta ɗauko sabo da ta ajiye tun bara, ta zare wancan ta sa wannan, ɗan'uwansa ya juye masa kome. Ana ta layi a waje, ba wanda ya san an yi rasuwa a bayan shago.

Kira gare ku masu shaguna da masu karatun kwamfuta na Gobir: kafin ku sayi na'ura, ku zauna da littafi kamar yadda ta zauna, kuma ku kai wani irin Gangara.

Ƙarshen watan nan za ta bar mu, an mayar da maigidanta Sakkwato. Ta rubuta yadda ake kome ta rataye a bangon ɗakin. Mutum biyu sun zo neman gurbinta. Na farkon yana shiga ya tambayi dalilin da ya sa aka bar na'urar ba rufi. Na biyun ya duba ya tafi, bai dawo ba tukuna. Asabar za ni Isa da faifai kamar kullum, amma har yau ban san wanda zai ɗora hannu a kan na'urar nan ranar ɗaya ga wata ba.