Ranar da Aka Shanya Fiyanon Hajiya Batula

Ban taɓa mantawa da ranar da Mu'allim Sale ya fitar da fiyanon Hajiya Batula cikin rana ba. A watan Zulƙida ne, ina shekara ta shida a warsharsa, wato shagon gyaran fiyano, da ke unguwar Zahir a Makka. Shi ne mai shago, ni ne mai gyara.

Warshar taku huɗu ce a tsaye, uku a kwance. Fiyano biyu take ɗauka, su ma sai da dabara. Ni na kafa katakan ajiya har rufi, na rataye kayan aiki a bango, na ƙera teburin da ake naɗewa a jingine. Dokarmu ɗaya ce: fiyano ba ya barin sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, domin zafin Makka na tsaga faffaɗan katakon bayansa, kuma daga nan sauti ke fita.

Na Hajiya Batula tsoho ne, na marigayi mijinta, tun daga Sudan suka zo da shi. Wata biyu ina lallaɓa shi, saura wayoyin sauti uku in sa masa.

Ranar na tafi Jidda sayo wayoyin. Da na dawo bayan la'asar, sai ga fiyanon a bakin titi, an yafa masa tabarma. A gurbinsa an jibge kwalayen darduma da carbi na surukin Mu'allim, waɗanda zai sayar wa alhazai.

"Ya Mu'allim, mene ne haka?"

"Ma fi mushkila, ba matsala, awa biyar ne kacal. Kai ne gwanin tsara wuri, nemo wa fiyanon wani."

Na zagaya bayan fiyanon. Tsaga ce daga sama har ƙasa.

"Cike da gam ka shafa fenti," in ji shi. "Tsohuwa ce, ina za ta gane?"

Nan na manta da furfurarsa. Na ce hannuna ba zai yi wannan ha'incin ba, ya nemi wani. A gabansa na buga mata waya.

Ta zo, ta danna wuri ɗaya, abin ya yi ƙara kamar gwangwani. Ba ta ko kalli Mu'allim ba.

"Ɗana," ta ce da ni, "da aka rushe gidanmu na unguwar Nakkasa, a gaban fiyanon nan na tsaya har aka fito min da shi lafiya. Sai a hannun masu gyara?"

A makon na kwashe kayana na bar masa shagon.

Ku masu tasowa, ku riƙe wannan. Ƙaramin ɗaki bai taɓa ɓata min aiki ba. Amma kafin ka karɓi amanar mutane, ka fara sanin a hannun wa makullin shagon yake.