Hannun da Bai Kai Kunne Ba

A zamaninmu ba a neman takardar haihuwa in za a saka yaro a firamare. Hedimasta zai tsayar da kai, ya ce ka ɗora hannun dama ta saman kai ka kamo kunnen hagu. In ka kamo, ka isa aji ɗaya. In ba ka kamo ba, sai baɗi.

Shekarar da za a kai ƙawata Jummai, wadda gidansu ke jikin namu a unguwar Sheshe, ni da ƙyar yatsana yake shafar saman kunnen. An riga an ɗinka mini yunifom, Baba ya sayo sandal, har na iya faɗin cikakken sunana ba inda-inda. Amma tsoron a ɗauki Jummai a bar ni ya hana ni sakat. Kullum sai in kama saman ƙofar zaure in yi ta reto, wai hannuna ya ƙara tsawo.

Iya, mahaifiyar Baba, ita ta kama ni. Sunanta aka sa mini, don haka takwara take ce mini. Gurasa take gasawa, kuma bayan magariba mu jikoki muke zagaye tanderunta, muna kallon yadda take zura hannu har kafaɗa cikin wutar ta manna ƙulli, ko a jikinta. Ran nan ta dube ni ta ce, "Takwara, na ga kina shanya kanki a ƙofa kamar wanki. Matso, yau tatsuniyar taki ce."

Wai an yi wani yaro da hannunsa bai kai kunne ba, aka koro shi. Ya zauna bakin kududdufi yana kuka, sai wata tsohuwa ta fito daga ruwan, zanenta a bushe ƙayau. Ta ce, "Miƙo hannun, ɗan nan." Ta ja shi a hankali har ya yi ƙas. Kashegari ya kamo kunne har da ragowa, aka rubuta sunansa. Sai dai hannun bai daina tsawo ba. Malam na koyarwa, hannun na zamewa ta ƙarƙashin benci, ya bi ƙofa ya fita. Yaron ya janyo shi ya naɗe cikin riga, gobe kuma ya sake sulalewa, kullum hanyar kududdufi yake nufa. Wata rana yana zaune a aji, ya ji wasu yatsu masu sanyi sun riƙe nasa, can nesa inda ba ya gani. Aka fara ja. Ya miƙe ya bi hannunsa, yara suna leƙensa ta taga.

Na ce, "Iya, ya dawo?"

Ta ce, "Ina fa. Har gobe in kin bi ta bakin kududdufi da sassafe, za ki ga wani abu siriri yana lalube a gaɓa. Kunne yake nema." Sai ta miƙo hannunta mai zafin tanderu ta kama nawa kunnen. Na ƙwalla ƙara, sauran yara suka watse, ita kuma ta yi ta dariya har da tari. Daga ranar ban sake kama ƙofar zaure ba.

Safiyar da za a kai mu, Iya ta ce ba mai shirya takwararta sai ita. Ta yi mini wanka, ta shafa mini mai, ta sa mini kwalli. Sannan ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta yi mini kitson doka, irin na manya, wanda ake cusa tsumma a tsakiya gashin ya yi tudu. Na fita ina taƙama. A gaban hedimasta na ɗora hannu, tudun ya tokare shi. Na yi iya yina, yatsana bai ko doshi kunnen ba. Jummai ta shiga aji, ni na dawo ina jan sandal ina kuka.

Na yi kwana uku ba na kula Iya. Ba ta ba ni haƙuri ba. Ta dai fara ajiye mini gurasar farko, kuma duk shekarar nan ina gindinta, daga kwaɓa ƙulli har kwashe toka.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce kan gaggawa. Sai da na girma na fara yi wa 'yata kitso na gane cewa matar da ta kai 'ya'ya da jikoki gaban hedimasta ba ta yi doka bisa kuskure ba. Tarin nan nata kuwa ba na dariya ba ne, kuma ta fi kowa sani. Shekara guda ta cire mini daga karatu ta ajiye wa kanta, kuma wallahi ban taɓa jin na yi asara ba.

Da baɗi ta zo na kamo kunnena ba wahala, kaina a tsefe. Sati biyu ke nan da aka kai Iya makwancinta, ba wanda ya tuna ya yi mini kitso.