Mai Jan Fenti da Buhun Littattafansa

Shekara talatin da ɗaya, kullum da safe yakan fito daga ofishin tsara gari da gwangwanin jan fenti a bayan keke. Aikinsa shafa alama a jikin duk ginin da za a rushe. Mai Jan Fenti muke ce masa. Matata, Allah Ya jiƙanta, Azara'ilun gidaje take kiransa, shi kuwa ya durƙusa ya gaishe ta.

Ashe ba ya shafa alamar sai ya zauna da masu gida. Wa ya gina? Ina aka samo ƙofar nan? Ya auna taga, ya zana matakala a ɗan littafinsa. Ba wanda ya sa shi. Shugabanninsa ma cewa suke yi nawa gare shi.

Bara aka ce za a kwashe layinmu, gida goma sha tara, a yi wurin ajiye motoci. Muka nemi a sa layin cikin wuraren tarihi da doka ta hana a taɓa. Kwamiti ya ce mu kawo hujja. Ni da na cika ɗaki da littattafai, ko shafi ɗaya ban samu ba a kan ƙofar da nake shiga kullum.

Ranar zaman kwamiti sai ga Mai Jan Fenti da buhu.

Shugaban kwamiti ya ce, "Baba, yau mu za ka shafa wa?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ku ai ba ku tsufa ba tukuna."

Ya zazzage littattafansa a kan tebur, ya buɗe zanen tagoginmu masu baka.

"Gida sittin ke da irinsu a garin nan. Arba'in da ɗaya ni na shafa musu da hannuna. Ragowar duk suna layin nan. In kun ce in shafa, zan shafa, amma daga su babu saura."

Shugaba ya jawo takardar sa layinmu cikin wuraren tarihi ya sa hannu. Maƙwabciyata tela ta saki ihun murna, har magatakarda ya yar da biro.

Mai Jan Fenti, wannan watan ka yi ritaya. Ban saba yabon mutum ba, balle mai rai, amma kai ne ka tsaya ka dubi abin da masu digiri suka wuce. Mun gode, Allah Ya ƙara lafiya.

Ku kuma matasan ofis, kafin ku sa a rushe gini, ku yi sallama ku shiga ciki tukuna.