Zalɓen Tsutomu

Tsutomu ɗan ƙanena ne, kuma tun yana yaro bai iya ɓata wa mutum ɗaya ba, sai dai ya ɓata wa kowa. A shagona na tofu, wato awara, in mutum biyu suka nemi yankin ƙarshe, raba shi yake yi, kowa ya tafi yana gunaguni. Da wannan hali ya shiga kamfanin ƙera na'urar wasan bidiyo a nan Kyoto, har ya yi furfura a ciki. Aikinsa auna wahalar wasa: faɗin rami, saurin dodo, yawan faɗuwar da mutum zai jure kafin ya yi jifa da abin.

Kamfanin na kwaɗayin tsofaffi da matan gida su sayi na'urar, yana kuma tsoron 'yan gani-kashe-ni, masu wasa har su manta da abinci. Tsutomu na da samfurin kowanne a dangi. Ga ni da yatsuna da suka ƙage, ga 'yarsa Chizuru mai zuwa gasa har Osaka.

A wasansa na ƙarshe kafin ya ajiye aiki akwai wata karyayyar gada. Ya kawo mini gwaji, na yi ta faɗawa ruwa, yana zaune a tabarma yana kallona kamar likita. Da ya dawo, sai ga shi ya ƙirƙiro zalɓe: in ka faɗi da yawa, tsuntsun ya sauko ya tsallakar da kai. Ranar na ga abin da ke bayan gada, gonakin shayi har bakin teku. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Shi ma ya ce wannan tsuntsu kaɗai yake so ya bari a bayansa.

Chizuru ta gani, ta ajiye tsinken cin abincinta.

"Baba, mu da muka sha wuya muka tsallaka, wawaye ne ke nan?"

Na ce mata ba a bayanta zalɓen ya ɗauke ni ba. Ta ce ai Kaka ba za ta gane ba. Uban kuwa ya sunkuyar da kai, ya ba ni gaskiya, ya ba ta gaskiya.

A ofis ma haka aka rabu gida biyu, manya suka ce ya nemo tsakiya. Ya nemo. Bai cire zalɓen ba, bai kuma bar shi a fili ba. Ya tura shi can ƙarƙashin rubuce-rubuce, sai ka buɗe wannan, ka zaɓi wancan, sannan ya yi aiki.

Wasan ya fito. 'Yan gani-kashe-ni, da ba abin da ke ɓuya musu, suka tono tsuntsun tun ranar farko, suka yi ta zagin kamfani. Mu da aka yi shi dominmu, ko ƙeyarsa ba mu gani ba. Ni da rubutu ba ma ga maciji. Na faɗa ruwa, na zauna jiran zalɓe har shayina ya huce.

"Gwaggo, ai yana nan," in ji Tsutomu da na kai masa kuka. "Kunna shi ake yi."

"Wa zai kunna? Wadda ta kasa tsallake gada?"

Yanzu ya ajiye aiki. Duk Lahadi yana bin layinmu gida-gida, ya cire takalmi, ya rusuna, ya kunna wa tsofaffi zalɓe. Sauran tsofaffin ƙasar kuwa suna can bakin gada, don ƙafarsa ba ta wuce layi ɗaya.