Hannuwan Iya Wura

Sunanta Wuraola, amma a unguwar marina ta Abeokuta ba wanda ya ƙara kiran cikakken sunan tun rasuwar mijinta. Iya Wura ake cewa. Tana 'yar shekara tara ta fara tsoma hannu a tukunyar baba a bayan ɗakin kakarta, ba ta kuma fitar da shi ba sai da ta haura sittin da biyar. Shuni ya kama ta tun daga farce har gwiwar hannu. Ba shuɗi ba ne sosai, ba kuma baƙi ba, launin hadari ne idan ya haɗu. A unguwar ba mai kallon hannun sau biyu, don rabin tsofaffin wurin haka nasu yake. Nata dai ya fi duhu.

Tukwane shida gare ta ƙarƙashin rumfar kwano. Kullum da safe takan motsa su, ta taɓa ruwan da bakin harshe, ta ƙara ruwan toka ga wadda ta yi sanyi. Takan ce tukunyar baba rai gare ta, ranar da aka manta da ita take fara ramewa.

Ranar Asabar da la'asar, idan an gama shanya, yaran layin sukan taru a tabarma tsakanin zannuwa masu ɗiga. Tatsuniyoyi da yawa ta sani, amma guda ɗaya suke roƙo, wadda kowane ɗan ƙasar ya tashi da ita: yarinyar da ruwa ya ƙwace wa farin zanen uwarta a rafi, ta bi shi tana kuka har cikin kurmi, ta tarar da wata tsohuwa mai tukwane. Tsohuwar ta ba ta abinci, ta tsamo zanen, ta rine shi ya fi yadda yake a da kyau, ta nuna mata hanyar gida. A tsakiya akwai waƙa. Mai tatsuniya ta rera, "Wa ya ga zanen uwata?" yara su amsa, "Ruwa ya tafi da shi." In ba a amsa ba, ba a ci gaba. Haka Iya Wura ta gada. Takan karkata kai, ta kasa kunne tana murmushi, ta jira ko da kuwa za a kai magariba.

Ba ta taɓa jira da daɗewa ba. Jikarta Ayoka, 'yar shekara bakwai, ita ke fara amsawa, wani lokacin tun kafin a gama tambayar. Yarinyar ba ta cin agidi da alale sai kakarta ce ta gutsuro ta sa mata a baki. Uwarta, Simisola, ta gaji da faɗa a kan haka.

"Mama, kina lalata ta. Ranar da aka kai ta gidan miji sai mu haɗa da ke cikin kaya."

"Ku haɗa mana. Ina ce akwai tukunya a can?"

Wata damina sai ga Gbolahan, ɗan maƙwabta da ya tafi Legas ya zama mai shirya fim. Ya sauka daga mota, ya kwanta ƙasa ya gaishe ta har farar rigarsa ta ɗebi laka.

"Tashi, tashi. Kai ne Gbolahan mai majina? Wannan gemun a ina ka aro shi?"

Ya yi dariya. Ya ce tun yana zama a tabarmar nan labarin bai bar kansa ba, yanzu yana so duniya ta gan shi. Ya nemi tsohuwa mai tukwane a cikin 'yan wasa, an shafa musu shuni, amma hannun kowa ya fito kamar an yi masa fenti. Yana magana idonsa na kan hannuwanta.

Iya Risi, mai sayar da agidi a bakin ƙofa, wadda suka yi shekara arba'in suna tsokanar juna, ta leƙo. "Wura za a sa a talbijin? Da waɗannan haƙoran?"

"Ba cizo aka ce zan yi ba, Risi. Ke dai ki ƙulle agidinki."

Iya Wura ta yarda. Labarin nata ne, ba ta ga abin tambaya ba.

Kwana tara suka yi a wani kurmi kan hanyar Ibadan. Ba a ba ta takarda ba, ba a kuma ba kowa cikakken labari ba. Haka ake yi tun zamanin masu yawo da wasa gari gari: mai ba da umarni ya ce miki yi kaza, ki yi, shi ya san inda zai ɗora. Iya, miƙo hannu a hankali. Iya, leƙa tukunyar ki yi murmushi. Iya, kira ta, ce mata zo ki ci. Ta yi duka da zuciya ɗaya, don kuwa haka tsohuwar tatsuniyar take yi. Yarinyar da ke fitowa a matsayin mai zanen ma ta shaƙu da ita, tana barci a cinyarta in an tsaya hutawa.

Wuri ɗaya ta yi gardama. Aka ce ta rera waƙar, kowa ya yi shiru. Ta rera tambayar, ta karkata kai, ta jira. Gbolahan ya yi mata alama ta ci gaba.

"Ba a amsa ba," in ji ta.

"Iya, a fim ba sai an amsa ba."

"To a fim ɗin sai ku nemi wata."

Ya sosa gemu, ya juya ya dubi mutanensa. Daga nan duk lokacin da ta rera, ƙarti goma sha biyu masu riƙe da kyamara da fitilu da sandar ɗaukar magana suka riƙa amsawa da manyan muryoyi, "Ruwa ya tafi da shi." Ta yi dariya har da hawaye. Da ta dawo gida, wannan ta fi ba da labari.

Fim ɗin ya fito bayan wata takwas. Ita ba ta je ko'ina ta gani ba, shi ya zo, a wayoyin mutane da talbijin ɗin shagon kitso. Wata Asabar ta shimfiɗa tabarma, yara uku suka zo maimakon goma sha biyar. Asabar ta gaba ba wanda ya zo. Wata mata da ta saba kawo zane rini ta aiko ɗiyarta, yarinyar ta ajiye zanen a bakin ƙofa ta ruga.

Iya Risi ce ta shigo da rana tsaka, ta zauna kusa da ita, ba tsokana. Ta miƙa mata wayar ɗanta.

Ta ga kurmin, amma an mai da shi duhu. Ta ga tukwanenta. Ta ga hannunta yana fitowa a hankali daga bayan bishiya, ya fi yadda ta san shi tsawo. A wannan labarin tsohuwa ba zane take rinawa ba. Yaran da suka bi ruwa suna neman abin da ya ɓace, ba wanda ya koma gida. Sai aka zo waƙar. Ta ji muryarta an ja ta ta yi nauyi, ta ga kanta ta karkata kai tana murmushi, tana jira. Ba wanda ya amsa. An cire muryoyin ƙartin nan kaf. Tsohuwa ce kawai cikin kurmi tana kasa kunne ga tukwane shida masu murfi.

Ta mayar da wayar. "Wannan matar," ta ce, "ni ma ba zan ci abincinta ba."

"Wasa ne, Wura. Kowa ya san wasa ne."

"Manya sun sani."

"Manyan ma," in ji Iya Risi, sai ta fasa ƙarasawa.

Ayoka ta ga fim ɗin a shagon kitso, ranar da aka kai ta a yi mata kai. Ba ta yi kuka ba. Washegari da safe Iya Wura ta kwance ganyen agidi, ta gutsuro, ta miƙa. Yarinyar ta dubi yatsun, ta ja baya har ta jingina da bango.

"Ayoka, ni ce fa."

"Na ƙoshi, Mama Babba."

Simisola ta ɗaga hannu za ta make ta, tsohuwar ta hana. Daga ranar yarinyar da cokali take ci, a ɗakin uwarta. In za ta fita makaranta takan zagaya ta ƙofar baya, don kada ta bi ta rumfar tukwane. A makaranta kuma an sa mata suna, jikar mai murfi.

Gbolahan ya dawo da turmin leshi da labari mai daɗi. An nuna fim ɗin a ƙasashe, Turawa suna tambayar wace ce wannan tsohuwa. Ya sake kwantawa ƙasa. Wannan karon ba ta ce ya tashi da wuri ba.

"Ɗana, abu ɗaya zan tambaye ka. Mutanen nan sun amsa mini. Na ji su da kunnena. Ina ka kai amsar?"

"Iya, a wajen tacewa ne. Shirun ya fi shiga jiki."

"Ya shiga," ta ce.

Ya ce zai zo da kyamara a ɗauke ta tana dariya da yara, a nuna wa duniya ainihinta. Ta tambaye shi waɗanne yara. Ya dubi tabarmar da ke naɗe a jikin bango. Leshin yana nan a ƙasan akwati, ba a ɗinka ba.

Ta fara wanke hannuwanta da lemun tsami da toka. Ta goge da dutsen wanka har fata ta yi ja a ƙarƙashin shuɗin. Iya Risi ta same ta a haka.

"Shekara hamsin za ki kankare da lemo uku? Ki bari yarinya ta manta, yara ba sa riƙo."

"Kullum tana ganinsa. Yaya za ta manta?"

Hanya ɗaya ce, kuma kowace marina ta san ta. Ta daina sa hannu a tukunya. Ba ta sayar da tukwanen ba, ba ta kuma bari wata ta motsa su ba, don ta ce ba su saba da hannun kowa ba. Kumfar da ke kansu ta kwanta. A sati na uku ƙamshinsu ya juya. Ta farko da ta mutu ita ce wadda ta gada daga kakarta. Iya Wura takan zauna a bakin rumfar da safe, hannuwa a cinya, kamar mai jinya.

Shunin ya bar gwiwar hannu, ya bar tafi, ya daɗe a layukan yatsu. Farce ne ya fi taurin kai, sai da sabo ya tsiro ya ture tsohon. Wata biyar. Hannuwan da suka fito ba ta san su ba, ƙanana ne, duk tamoji, irin na kowace tsohuwa.

Wata Asabar da la'asar ta shimfiɗa tabarma tsakanin igiyoyin da ba komai a kansu. Ta kwance agidi. Ayoka ta daɗe a bakin ƙofa tana kallo, sannan ta tako ta zauna a gefen tabarmar. Tsohuwar ta gutsuro ta miƙa. Yarinyar ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe baki ta karɓa. Ta karɓi na biyu. Simisola da ke wanki ta juya musu baya, ta daɗe tana matse riga ɗaya.

Iya Wura ta fara labarin a hankali. Yarinya ta je rafi, ruwa ya ƙwace zane, ta bi shi tana kuka. Ayoka na saurare, har ta matso kaɗan. Aka zo wurin waƙa. Tsohuwar ta gyara murya, ta rera da sauƙi yadda ta saba.

"Wa ya ga zanen uwata?"

Ta karkata kai. Ita kanta ta ji lokacin da wuyanta ya yi hakan, amma ya riga ya yi.

Ayoka ta daina tauna. Ba ta gudu ba. Ta sa tafukanta biyu ta toshe kunnuwa, ta sunkuyar da kai tana kallon saƙar tabarma.

A bakin ƙofa Iya Risi ta buɗe baki za ta amsa, Iya Wura ta girgiza mata kai. Ba amsar tsofaffi ba ce. Ta ɗora sababbin hannuwanta a cinya, ta jira. Inuwar igiyoyin shanya ta tsallake tabarmar ta hau bango, sauran agidin ya bushe a ganye, tana nan tana jira.